Mota mai rumbu biyu: kafin a dubi fenti, a dubi kontar

Duk wanda ya taɓa aika kuɗinsa Lome ko Kwatanu domin a sayo masa mota ya san tambayoyin da aka gada: shekarar ƙira, lafiyar inji, abin da duwan za ta karɓa, da ko kayan gyaranta na samuwa a gari ko kuwa sai an aika Kano. Yanzu wata tambaya ta ƙaru wadda ba a san da ita ba a zamanin Peugeot 404 da 504: awa nawa motar ke yi a jone kafin ta ƙoshi da wuta? Dillali zai amsa nan take, don amsar na rubuce a takardar kamfani. Sai dai wanda ya rubuta takardar, bangon gidansa na Turai ya duba, bai san da gidan mai saye na Maraɗi ko Tawa ba.

Motar da ake zance a kai ita ce wadda Faransawa ke kira hybride rechargeable. A Hausance a iya ce mata mai rumbu biyu. Rumbu na farko tankin esansi ne kamar na kowace mota, na biyu kuwa babban batir ne da ake cikawa da wutar gida. Kada a gama ta da Toyota Prius ta asali, wadda ta fito a Japan a 1997, don ita wannan ƙaramin batirinta daga injinta da birkinta yake samun caji, ba a jona ta da komai. Mai rumbu biyu daga baya ta zo. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fara sayar da tasa a ƙarshen 2008, Chevrolet Volt ta biyo a 2010, Mitsubishi Outlander PHEV a 2013. Na farko-farkonsu yau sun kai shekarun da Turawa ke rabuwa da mota, kuma kowa ya san inda motar da Turai ta gaji da ita ke dosa.

Lissafin lokacin caji ba shi da wuya ga wanda ya taɓa tsayawa bakin famfo. Batir randa ce, ana auna cikinta da kilowat-awa, ma'aunin nan da ke kan faktir ɗin NIGELEC. Ƙarfin wutar da ke shiga kuwa kaurin ruwan famfo ne, ana auna shi da kilowat. A raba cikin randa da kaurin ruwa, sai a sami awoyi. Batirin Outlander ta 2019 na ɗaukar kilowat-awa 13,8. Piriz ɗin bango na yau da kullum bai wuce ya ba da kilowat 2,3 ba, saboda haka motar sai ta kwashe awa 5 da rabi zuwa 6. Toyota RAV4 mai jonawa, wadda ta fito a 2020 da batir mai 18,1, awa 7 da rabi take yi a irin wannan piriz. Wanda ya jona ta bayan lisha, sai asuba.

Amma ruwan ta maƙogwaro uku yake bi kafin ya isa randa: wayar gida, igiyar caji, da na'urar da ke cikin motar kanta, wadda ke juya wutar bango ta koma irin wadda batir ke sha. Wanda ya fi ƙunci a cikin ukun shi ke yanke hukunci. Peugeot 3008 mai rumbu biyu ta isa misali. Batirinta 13,2 ne. A piriz ɗin da aka saba, kamfanin ya ce kusan awa 7. A piriz mai ƙarfi da aka ja wa waya tasa ta kansa, awa 4. A akwatin caji na bango mai kilowat 7,4, ƙasa da awa 2. To, amma wannan na ƙarshe sai in wanda ya fara sayen motar ya biya kuɗi daban an sa mata babbar na'ura, domin wadda take zuwa da ita mai kilowat 3,7 ce. Attajirin da ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, ya sayi akwati mai kilowat 22 ya kafa a garejinsa, motar 3,7 ɗinta za ta ci gaba da sha, sauran kuɗin ya zama adon bango.

Cajin gaggawa da ake nunawa a talabijin, wanda ake gamawa kafin a sha shayi na biyu, yawancin masu rumbu biyu ba su da ƙofarsa. Outlander na cikin ƴan kaɗan da ke da ita, tana kai kashi 80 cikin 100 a kamar minti 25 in an sami tashar da ta dace. Ko an samu ɗin ma, matafiyi bai ƙaru da kome ba: cikakken batir kilomita 40 zuwa 70 yake kai mutum, alhali tsakanin Yamai da Maraɗi kusan 660 ne. Tun ba a hango Doso ba wuta ta ƙare, esansi ya karɓi aiki. Batirin na zirga-zirgar cikin gari ne, kuma a gida za a cika shi.

A gidan ne zancen ya fi nauyi. Inda ƙarfin kontar kilowat 3 ne, in mota ta ɗebe 2,3, abin da ya saura zai riƙe fitilu da bantilatar, amma da an kunna kilim ko dutsen guga sai wuta ta yanke. Kuma abin tsoron ba yawan wutar ba ne kaɗai, daɗewarta ce. Dutsen guga na ja minti kaɗan ya huta; mota kuwa awa 6 take ja ba ƙaƙƙautawa. Siririyar waya, da piriz ɗin da ya yi sako-sako, da igiyar ƙari ta bakin kasuwa, a hankali suke ɗumi cikin dare, daidai lokacin da mai gida da iyalinsa ke barci. Abin da ya wajaba shi ne mai aikin wuta ya ja waya mai kauri kai tsaye daga kontar zuwa inda motar ke kwana, da abin yanke wuta nata na kanta, da wayar ƙasa, wato wadda ake ɗaura wa ƙarfen da aka binne. Gidaje da dama an gina su babu ita, igiyoyin caji da yawa kuwa ba sa sakin wuta in ba su ji ta ba. Sai a ga mutum na zargin dillali, alhali laifin na bangonsa ne.

Ita ma igiyar tana da ƙasarta. Motar da aka sayo daga Amurka na zuwa da igiyar da aka yi wa wutar gidajen can, mai volt 120. Ta nan 220 ce, kuma ba kowace igiya ke jure wannan ba. Bakin da ke shiga jikin mota ma iri-iri ne: na Amurka da Japan daban, na yawancin motocin Turai daban, na Sin daban.

Sannan awa 6 ta takarda, awa 6 ce ta wutar da ba ta ɗauke ba. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke sha daga Nijeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da wanda ya fito daga Katsina ya bi ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse shi, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage raɗaɗi, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke yi tun 2018. Amma wutar rana da rana take zuwa, mota kuwa da dare ake son cika ta. Ga bazara: a watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kowa na jan wuta, ita kuma tana yawan ɗaukewa, in ma tana nan ƙarfinta kan faɗi, caji ya ja baya ko ya tsaya.

Wani zai ce ai akwai gurup. Ɗan ƙaramin nan na masu shaguna, wanda bai kai kilowat 1 ba, ba zai ko motsa ta ba. Mai ɗan girma zai iya, amma a yi lissafi: lita ɗaya ta esansi a irinsa kilowat-awa 2 ko kusa da haka take bayarwa, cika batir na jan kamar 12, wato lita 6, domin tafiyar kilomita 40. Da litocin nan 6 a tankin motar aka zuba su, da sun kai ta kusan ninki biyu. Asara ce mai ƙara da hayaƙi.

Rana ita ce abin da ƙasar nan ta fi Turai. Pano mai wat 400 na iya ba da kamar kilowat-awa 2 a yini, in ana share masa ƙura, don haka guda 7 ko 8 sun isa cika batir, tare da na'urar juya wuta mai ƙarfin da zai ɗauki nauyin. A nan ne ɗan kasuwa ya fi ma'aikaci sa'a. Motar ɗan kasuwa yini take yi tsaye ƙofar kanti ko sito. In ya kafa panonin bisa rumfa, ya sami inuwa da caji a lokaci guda. Motar ma'aikaci kuwa da hantsi tana farfajiyar ma'aikata, panonin suna gida suna shan rana a banza, sai in ya sayi wasu batura da za su ajiye wutar zuwa dare, kuɗinsu kuwa kan haɗiye ribar shekaru.

Ribar ma ba ta kai yadda ake zato ba. A ƙaddara kilowat-awa ɗaya ya tsaya kan sefa 100. Cika batir jika ɗaya ke nan da ɗari biyu. Esansin da zai yi wannan tafiya kamar lita 3 ne, a kan sefa 499 da aka sauko da lita a watan Yuli na 2024, wato kusan jika ɗaya da rabi. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma mai caji kullum na ƙara wa faktir ɗinsa fiye da kilowat-awa 300 a wata, abin da ke tura shi matakin farashi na sama. Wanda ya ga haka ya daina jonawa, to ya koma mai motar esansi da ke jan mataccen nauyi. Turawan da wuta ba ta ɗauke musu ba ma sun faɗa wannan rami: rahoton hukumar Tarayyar Turai na watan Maris 2024 ya nuna cewa irin waɗannan motoci da aka yi wa rajista a 2021 na fitar da hayaƙi ninki 3 da rabi bisa abin da gwajin takarda ya nuna, kuma babban dalili shi ne masu su ba sa caji yadda aka zata.

Amfaninta na gaskiya a wani wuri yake. Lokacin da aka katse wuta a 2023, mai rumbu biyu da esansi zai fita. A watan Maris na 2025, da layukan motoci suka miƙe a gidajen mai na Yamai da sauran birane, da wutar bangonsa zai je kasuwa ya dawo. Wasu daga cikin Outlander ma na da piriz mai wat 1500 a cikinsu, wanda zai riƙe firigo da fitilun gida in an ɗauke wuta. Ga mai neman kada fitarsa ta rataya kan abu guda, wannan ya fi ƴan dalolin da zai rage.

Sai dai duk wannan in batirin na da rai ne. Batir na tsufa da shekaru, zafi kuma na gaggauta tsufan, motar da ta yi shekara 8 a Turai ba da cikakkiyar randa za ta iso ba. Dillalin da ke alfahari cewa tasa na cika cikin awa 3 a piriz ɗin bango, alhali takarda ta ce 5 da rabi, ya tona asirin kayansa bai sani ba: randar ce ta tsuke. Gwajin ba ya bukatar na'ura. A tuƙa motar har injin ya tashi da kansa, a kashe sauran kayan wutar gida, a rubuta lambar da ke kan kontar, a jona ta har ta cika, a sake duba lambar. Washegari a fita da ita, a ƙirga kilomita nawa ta yi kafin a ji ƙarar inji.