Asubar Hunturu a Ƙasar Dambatta

'Yan'uwa mata, a hutun nan na Disamba na kai ziyara gidan Gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Kazaure da Daura. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba, bai san yadda ƙasa ke cika da mutane ba. Gona na dafe da gona, ba dajin da ya raba su. An riga an girbe gero da dawa, an ɗaure kara, jakuna na ta kai taki. Kuka ta zubar da ganye, gawo kuwa shi kaɗai ya yi kore shar, don shi da rani yake tofo.

A dare na uku, kafin kiran assalatu, sai naƙuda ta kama matar Yayana, ta zo da gardama. Ungozoma ta ce a tafi asibiti maza. Sanyi kuwa ana zuba shi, hazo ya rufe ko'ina. Yaya ya shiga mota ya murɗa makulli, sai muka ji ƙas-ƙas, injin ya ƙi juyawa. Wallahi gabana ya faɗi.

Yaya ya ce, "Malama, tsaya a gaba ki duba mini fitila." Ya kunna ta, ya sake murɗawa, sai na ga hasken ya dushe kamar zai mutu. Ya ce, "To, batir ne. Da fitila ta tsaya da haskenta, da sai mu tuhumi sitata." Da aka buɗe gaban motar, sai ga wani farin gari ya lulluɓe kawunan batir ɗin, wayar ɗaya har tana motsi.

Wani yaro ya taho da bakin wuta daga inda ake jin ɗumi wai zai haska, Yaya ya daka masa tsawa, don batir na fitar da wata iska mai kama wuta. Aka kawo tocila. Gwaggo ta jiƙa kanwa a ruwan ɗumi. Yaya ya fara kwance wayar da ke da alamar ragi, sa'an nan mai alamar tarawa, ya wanke kawunan, garin nan na ta kumfa, yana lura kada ruwan kanwa ya shiga ciki. Ya goge, ya mayar da ta tarawa tukuna, ya ɗaure tam. Injin ya juya, amma da ƙyar. Sai samari suka tura, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, mota ta tashi. Hantsi bai yi ba aka haifi 'ya mace, uwa da 'ya lafiya. Alhamdu lillahi.

Kashegari na bi Yaya wurin wani dattijo mai gyaran batir a cikin Dambatta. Na ce, "Baba, ashe sanyi na kashe batir?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, zafin bazara ne ya cinye shi, hunturu asirinsa kawai ya tona."

Ga bayanin yadda na fahimta. Irin wannan batir wani mutumin Faransa, Gaston Planté, ya ƙago shi a 1859. Ɗaki 6 ne a cikinsa, kowanne da faranta na dalma jiƙe cikin ruwa mai guba, kowanne na ba da wuta wajen bolt 2. Lafiyayye mai cikakken caji yakan nuna 12.6 a ma'auni, namu kuwa ko 12 bai kai ba. Zafin Afrilu, da ke kaiwa digiri 40, shi ke ƙafar da ruwan har farantan su fito fili su lalace. In sanyi ya zo, aikin batir yakan yi nauyi, baƙin mai ya yi kauri, injin ya nemi ƙarfi fiye da kullum. Ƙurar hunturu ma, in ta haɗu da danshi a kansa, tana tsotse caji a hankali.

Maganin ba wuya. Kafin Disamba a kai a auna shi. In mai marufi ne, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don haka har ya rufe farantan. Kada a zuba na rijiya, don gishirin cikinsa na ɓata su. A riƙa goge shi, a shafa wa kawunan ɗan giris. In an ta da mota a sake aunawa, ya kamata a ga wajen 14. In ba a gani ba, motar ce ba ta caji, sai a duba bel.

Wata za ta ce wannan ai sha'anin maza ne. To, amma wa ke kwance a bayan mota ran da ta ƙi tashi? In akwai mai ciki a gidanku, yadda kike tanadin zannuwa da itacen wankan jego, haka za ki tuna wa maigida ya kai batir a duba tun watan bai kama ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.