Ranar Da Aka Kai Mu Gonar Kabewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa Musulmi, a kakar shekarar 2019 muna baƙuntar wata jami'a a jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, inda muke koyar da Larabci. Cikin watan Oktoba sai shugabar sashenmu ta aiko da takarda cewa ran Asabar za a kwashi ma'aikata da iyalansu zuwa wata gonar kabewa, a yini a can. Wani saurayi Musulmi, magatakarda a ofishin, ya same mu a asirce ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in na ƙi zuwa za a ce ba na son mutane, kuma sabon ɗauka ne ni. In na je kuwa, ina tsoron na shiga bikin da ba namu ba." Muka ce masa ya ba mu kwana biyu, domin gaskiya mu ma a cikin wannan ruɗu muke.

Abin da ya sa ya ji tsoro kuwa shi ne, wannan yawo yana jingine da bikin da suke kira Halowin, wanda suke yi daren 31 ga Oktoba. Masana tarihi da yawa suna danganta asalinsa da wani bikin maguzawan ƙasar Ailan na ƙarshen kaka, lokacin da suke zaton matattu na yawo cikin masu rai. Daga baya ya zama jajiberin ranar waliyyai ta Kirista. Mutanen Ailan sukan rarake wata saiwa mai kamar gwaza, su fasa mata idanu da baki, su kunna wuta a ciki. Da yunwar da ta fara a 1845 ta kore su da yawa zuwa Amurka, sai suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin rarakewa.

Muka buɗe littattafai. Abin mamaki, mas'alar tana nan cikin babin walima, inda malamanmu na Malikiyya ke bayanin lokacin da amsa gayyata ke wajaba da lokacin da take faɗuwa. Shehu Ahmadu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, a sharhinsa ga Muhtasar ya haramta sassaƙa surar abu mai rai in gaɓoɓinta sun cika, ko da da abin da ba ya daɗewa aka yi ta, har ya ba da misali da ɓawon kankana. Dubi yadda magabata ba su bar mana komai ba! Amma adalci shi ne mu ce fuskar kabewa ba cikakkiyar sura ba ce, saboda haka hujjar nan ba ta da ƙarfi sosai a kanta. Abin da ya fi nauyi a wurinmu shi ne kasancewarta alamar bikin, ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na hani ga kamanceceniya da wasu mutane cikin abin da ya keɓanta da su. A ɗaya gefen kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Gona gona ce, abokin aiki kuma maƙwabci ne. Muka ce wa saurayin, za mu je, amma ba za mu sassaƙa ba.

Ranar muka isa da hantsi, ana sanyi mai shiga ƙashi. Aka ɗora mu a amalanken da tarakta ke ja, muna zaune bisa damman ciyawa, manyan farfesoshi suna dariya kamar yara. Kabewa kuwa ga ta nan jajir, iyakar ganinka. Ilinoi ce kan gaba wajen nomanta a Amurka, kuma a garin Moton akwai masana'antar kamfanin Libby's da ke zuba ta a gwangwani. Har gasa suke yi a ƙasashen Turawa, kuma tun 2014 aka sami ƙwaya guda da ta haura kilo 1,000.

Wurin abinci ne aka fara jarraba mu. Naman da ake gasawa akwai alade a ciki, muka bar shi. Ruwan tuffa kuma iri biyu ne, suna kusan ɗaya, ɗaya zalla ne ɗaya giya. Wanda bai tambaya ba ya sha abin da ya sha.

Wani abokin aikinmu Kirista, da ya karanta hadisi, ya ce mana, "Ai Annabinku ma yana son kabewa." Yana nufin hadisin Anas ɗan Malik, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari, cewa wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai dubba'u da busasshen nama, Anas ya ga Annabi yana bin dubba'un a gefen akushi. Mu ma shekara da shekaru "kabewa" muke fassara wa almajirai. Amma ita wannan kabewa asalinta nahiyar Amurka ne. An sami 'ya'yan danginta a wani kogo a Meksiko da suka kai kimanin shekara 10,000, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492. Ashe ke nan abin da aka ci a Madina ya fi kusa da duma, irin mai daɗin da ake dafawa yana ɗanye. Muka gaya masa haka, ya yi murna, mu kuwa muka ɗan ji kunyar tsohuwar fassararmu.

Wajen ƙarfe huɗu la'asar ta yi, daidai lokacin da aka jera wuƙaƙe a tebur don sassaƙa. Muka janye da saurayin bayan karan masara, muka shimfiɗa riga muka yi salla. Da muka dawo shugabar ta miƙo mana wuƙa. Zuciyar saurayin, ya gaya mana daga baya, kamar za ta fito. Muka ce mata mun gode, amma addininmu bai sake mana da wannan ba, tamu kabewar miya za mu yi da ita. Ta ce to, ta wuce. Ba wanda ya sake waiwayar zancen.

Abin da ya dame mu ya zo ne bayan mako biyu, da muka ga kabewa a ƙofar gidaje tana ruɓewa, ana zuba ta a shara. Muka fara karanto wa kanmu ayoyin almubazzaranci na Suratul Isra'i, sai muka tuna da tulin shinkafar da ake zubarwa bayan walimar aure a garuruwanmu, muka yi shiru.

Tamu kuwa mun yanka ta, muka nemi gyaɗa da alayyafo, muka kira saurayin cin miyan taushe. Ashe irin da ake nomawa don sassaƙa duk ruwa ne da zare, ba zaƙi ba gari. Ya ci loma uku don kunya, ya ce, "Malam, baɗi in Allah ya kai mu, a sayi ƙaramar."