Mutum ne a cikin rigar, na sani

1/ Jiya da daddare ƙanena ya shigo ɗaki ya tarar ina kallon wani tsohon fim ɗin Japan. Ya tsaya kamar minti ɗaya, sai ya ce, "Yaya, kai da hankalinka? Wannan ai mutum ne a cikin rigar roba." Na ce na sani. Ya ce to me kake kallo? Na rasa amsa. Yau na samo ta. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Bari in fara da abin da ya gani, don a yi masa adalci. Fim ɗin Godzilla vs. Megalon ne, na 1973. Wani mutum-mutumi ya riƙe abokin gaba ta baya. Godzilla ya taho da gudu, ya miƙe ƙafafu gaba, yana sulɓi a kan jelarsa, ya dirka masa ƙafa biyu a ƙirji. Da abin ya yi musu daɗi, sai suka maimaita 😭

3/ Ba zan kare wannan dukan ba. Abin dariya ne, ni ma dariya nake yi duk lokacin da na gani, kuma na gani ya fi a ƙirga. Amma dariya iri biyu ce. Akwai ta raini, akwai wadda kake yi wa abin da kake so. Na daɗe ban san bambancinsu ba, sai da na yi abin kunya. Zan zo kan wannan a ƙasa.

4/ Ga waɗanda ba su san harkar ba: Japanawa suna kiran waɗannan dodanni kaiju. Salon haɗa su kuma, wato rigar roba da ƙananan gidaje da wayoyi da wutar gaske, sunansa tokusatsu. Idan ka taɓa kallon Power Rangers kana yaro, ai ka ɗanɗana. Faɗan cikinsa daga shirin Japan mai suna Super Sentai aka ɗebo shi.

5/ Abin da mutane da yawa ba su sani ba: wannan harka da makoki ta fara. A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Kafin nan, a watan Maris, jirage sun ƙone wani babban sashe na Tokyo a dare ɗaya. Ku riƙe wannan.

6/ Ranar 1 ga Maris 1954, Amurka ta gwada wani bam a tsibiran Bikini. Akwai jirgin masunta na Japan, Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki. Farar toka ta yi ta zubo musu daga sama, ba su san guba ba ce. Duk suka kwanta ciwo. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu.

7/ Ƙasa ta ruɗe, mutane suka ji tsoron sayen kifi a kasuwa. A watan Nuwamba na shekarar, kamfanin Toho ya fito da Gojira. Kun san da me fim ɗin ya buɗe? Jirgin ruwa a teku, sai wani haske ya tashi, jirgin ya kama wuta. Babu wanda ke zaune a silima ranar da yake bukatar a yi masa bayani.

8/ Daraktan, Ishiro Honda, tsohon soja ne da aka tsare a China a ƙarshen yaƙi, kuma ya ga Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida. Shi ya sa a fim ɗin za ka ga asibiti cike, ana gwada yaro da na'urar auna guba, ga uwa ta rungume 'ya'yanta cikin wuta tana ce musu sun kusa zuwa wurin babansu.

9/ Wallahi ranar da na fara kallonsa na zauna ne da niyyar dariya. Na ƙare da yin shiru. Dodon bai canja ba fa, har yanzu roba ce. Amma shekara tara kacal tsakanin masu kallonsa na farko da ranar da garuruwansu suka ƙone da gaske.

10/ To me ya kawo rigar roba? Mai haɗa dabarun fim ɗin, Eiji Tsuburaya, ya so ya bi hanyar King Kong na 1933: a ƙera 'yar tsana, a motsa ta kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a sake ɗauka. Da aka yi lissafi, aikin shekaru zai ci, su kuma watanni ne a hannunsu. Sai aka ce to a sa mutum a ciki.

11/ A lura, Gojira na farko ba fim ɗin araha ba ne a ma'aunin Japan ta lokacin, kuɗi ya ci sosai. Lokaci da kayan aiki irin na Hollywood ne ba su da shi. Rashi ne ya haifi salon, kuma salon ya rayu ya fi shekara hamsin.

12/ Mutumin da ke cikin rigar sunansa Haruo Nakajima. Rigar farko ta kai wajen kilo 100. Buhun shinkafa biyu kenan, ka shiga cikinsu, a rufe, a kunna maka manyan fitilun ɗaukar fim masu zafi, ta 'yan huji a wuyan dodon kake leƙe. A ce maka to, yi tafiya kamar sarki.

13/ Gumi ake tsiyayewa daga rigar bayan an gama. Don ya koyi tafiyar abu mai nauyi, gidan namun daji na Ueno ya riƙa zuwa yana kallon giwa. Fim 12 ya yi a matsayin Godzilla, daga 1954 zuwa 1972, fuskarsa a ɓoye. Ya rasu a 2017 yana da shekara 88.

14/ Don haka idan ƙanena ya ce mutum ne a ciki, e, kuma shi nake kallo. Ina kallon yadda yake ɗaga ƙafa, yadda yake juya kai a hankali kamar wanda aka tasa daga barci. Akwai gajiyar gaske a wannan tafiyar. Idonka yana gane nauyi ko ba a faɗa maka ba.

15/ Sai garin da yake takawa. Da hannu aka gina Tokyo ƙarama, akasarinta sau 25 ƙasa da ta gaske: tagogi, turakun lantarki, jirgin ƙasa, har ginin majalisar dokoki. Mutane su yi kwanaki suna ƙera unguwa, a rushe ta cikin daƙiƙoƙi. Idan ɗauka ta lalace, a koma gini daga farko.

16/ Dabarunsu suna burge ni. Ana ajiye kyamara ƙasa-ƙasa don dodo ya cika ido. Ana sa ta gudu fiye da ƙa'ida, idan aka mayar da hoton daidai sai komai ya faɗi a hankali kamar babban gini. Hasumiyoyin lantarkin da suka narke a fim na farko, da kaki aka yi su, aka haska musu fitila mai zafi.

17/ Kukan Godzilla fa? Ba dabba ba ce. Mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya sa aka shafa ƙaro a safar hannu ta fata, aka goga ta a tsirkiyar ƙatuwar gogen nan ta Turawa da ake tsayarwa a ƙasa. Shi kenan. Kukan da duniya ta haddace, safar hannu ce da goge.

18/ Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya san wannan daɗin. Ka san murfin kwalba ne tayar, amma kana ja kana yi mata ƙugi da baki. Ko tashe: kowa ya san ɗan gidan wane ne ya manna gemun auduga, kuma hakan bai taɓa hana mu bin sa ba.

19/ Yanzu mu zo kan na araha na gaske, inda zuciyata take. Talabijin ta shiga gidaje a Japan, masu zuwa silima suka ragu, kuɗin fim ya ragu. Tsuburaya ya rasu a 1970. Aka koma neman yara, Godzilla ya tashi daga annoba ya zama jarumi, ana yanko faɗa daga tsofaffin finafinai ana liƙawa a sabo.

20/ Kamfanin Daiei kuma ya so nasa dodon. Da farko suka ce fim ɗin manyan ɓeraye za su yi, suka tara ɓerayen gaske. Ƙuma da ƙazanta suka cika wurin, hukumar lafiya ta shigo, fim ya mutu 😂 Bayan wannan asarar ne suka fito da Gamera a 1965, baƙi da fari, alhali ana yayin kala.

21/ Gamera kunkuru ne. Idan zai tashi sama sai ya janye ƙafafu cikin ƙoƙonsa, wuta ta fito ta ramukan, ya riƙa juyawa kamar faifai. A fim ɗin 1969 ya yi faɗa da Guiron, dodon da kansa wuƙa ce, har ya kama sanda yana wulwulawa kamar ɗan wasan motsa jiki. Ban ƙara gishiri ba, ku nema.

22/ Abin da nake so game da su: babu mai jin kunya. Babu ɗan wasan da ke kashe wa kyamara ido yana nuna ya fi ƙarfin fim ɗin. Masani zai tsaya gaban allo, fuska a murtuke, yana bayanin kunkuru mai aman wuta kamar rayuwar 'ya'yansa na kai. Sun ba abin dukkan zuciyarsu.

23/ Ko a shekarun talaucin ba su daina faɗin magana ba. Godzilla vs. Hedorah na 1971, dodon daga dattin masana'antu ya fito, lokacin da gurɓatar iska da ruwa ke kwantar da mutane a Japan. A fim ɗin dai Godzilla ya hura wutar bakinsa ƙasa ya tashi sama da baya-baya. Hauka da gaskiya a kwano ɗaya.

24/ All Monsters Attack na 1969, da yawa suna cewa shi ne mafi muni, don ya cika da tsofaffin hotuna. Amma labarin yaro ne da iyayensa kullum suna wurin aiki, ya dawo makaranta gida babu kowa, yara suna cin zalinsa, sai ya riƙa mafarkin tsibirin dodanni. Duk wanda ya taso shi kaɗai zai gane shi.

25/ To ga abin kunyar da na yi alkawari. Shekarun baya wani abokina ya haɗa ɗan gajeren fim da wayarsa. Na aljanu. Ya ɗinka kaya da buhu, ya yi wa ƙaninsa kwalliya da gawayi da alli, ya yi makonni yana yanka hotuna. Ya saka a intanet yana murna.

26/ Mutane suka yi masa ca. Ni ma na shiga. Na ɗauko wurin da ake ganin silifas ɗin aljanin, na zagaye da ja, na rubuta abin da na ɗauka barkwanci ne. Nawa ya fi na kowa yaɗuwa. Washegari ya goge fim ɗin. Bai ce min komai ba. Bai kuma sake yin wani ba.

27/ Sai daga baya, ina kallon Gamera, ina ganin waya ƙarara tana riƙe da jirgin sama, ina murmushi ina cewa Allah sarki mutanen nan sun yi ƙoƙari, sai silifas ɗin nan ya faɗo min a rai. Baƙo na yafe wa waya, abokina na kasa yafe masa silifas. Barci bai zo da wuri ba ranar.

28/ Ba cewa nake kada a soki aiki ba. Wasu finafinan nan suna da gundura, akwai inda za ka yi minti 40 mutane na surutu a ofis kafin dodo ya leƙo. A faɗa. Amma gyara daban, kashe gwiwa daban. Da an kunyata masu ɓerayen nan har sun bar sana'a, da babu Gamera.

29/ Ku dubi inda haƙuri ya kai su. Godzilla Minus One na 2023, na darakta Takashi Yamazaki, an yi shi da ƙasa da dala miliyan 15, da mutum 35 a sashen dabarun hoto. A Maris 2024 ya ci kyautar Oscar a wannan fanni, a gaban finafinan da suka ninka shi kuɗi sau goma. Shekara 70 bayan rigar Nakajima.

30/ Na ji daɗin kyautar, amma ko ba ita ina nan. Yanzu da kwamfuta ke iya zana komai sumul, har ka rasa wa ya yi, ni na fi samun natsuwa da hoton da ake ganin ɗinkinsa. Ɗinki yana nuna min hannu ya wuce ta wurin.

31/ Mai son farawa: ka fara da Gojira na 1954, asalin na Japan, don wanda Amurka ta fitar a 1956 an yanke shi an cusa ɗan wasansu. Sai Mothra na 1961. Sai Ghidorah na 1964, dodo mai kai uku da mutane ke ja da wayoyi daga sama. Idan jikinka ya saba, ka zo Megalon mu yi dariya tare.

32/ Ƙanena dai da ya gama zagin fim ɗin bai fita ba. Ya zauna bakin katifa wai yana jiran cajin waya. Can na ji ya ce, "Yaya, mayar da wurin dukan nan baya." Sau uku muka kalla.

33/ Abokin nawa kuma na tura masa wannan zaren kafin in saka. Na haɗa da ban haƙurin da ya kamata in ba shi tuntuni. Ya karanta, alamar ta nuna, bai amsa ba tukuna. Ina jira.

Ku fa, wane fim ne kuke so da kuke ɓoyewa kada a yi muku dariya? Ku faɗa, yau babu mai zagaye silifas ɗin kowa.