Karo-karon Sayen Waya ta Biyu: Taimako ne ko Roƙo?

  

Ya ɗan uwa mai karatu, a tsakiyar daminar bara wayata ta faɗa cikin ruwa a hanyar gona, ta kwana tara a hannun mai gyara a Dambatta. A cikinta sunayen ɗaliban Islamiyyarmu suke, da lissafin kuɗin wata, da karatun da nake naɗa wa matan aure waɗanda ba sa samun fitowa. Da aka gyara ta, sai wani tsohon ɗalibina mai sana'a a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ce: "Malam, ku ba mu lambar asusunku mu sa a zauren WhatsApp na iyaye da tsofaffin ɗalibai, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, mu saya muku ta ajiya."

Shawarar tana da hujja. Duk wanda ya sha wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa waya ta zama aljihu, balle ga mu da banki ya yi wa nisa. Haɗa ƙarfi kuma gadonmu ne, da gayya muke noma, da adashi muke aurar da 'ya'ya. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi a mayafi ɗaya su raba daidai.

Sai dai na kasa barci a daren. Ash'ariyyawa yunwa ce ta haɗa su, kuma kowa ya ci. Ni kuwa wayata tana aiki, ta biyu ake neman min. Na tuna hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim, inda aka halatta roƙo ga mutum uku kawai: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sulhu, da wanda masifa ta cinye dukiyarsa, da wanda masu hankali uku daga mutanensa suka shaida talaucinsa. Na auna kaina, ban shiga ko ɗaya ba. Wani zai ce ai ba ni na tambaya ba. To, amma da sunana za a tambaya, kuma a ƙauye sunan malami nauyi gare shi.

A nan ne abin ya fi damuna. Watan Agusta ne, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba, kuɗin taki ya riga ya kwashe abin hannu. Mahaifin da yake da yara huɗu a ajina, ya ga ana jera sunaye kowa da adadinsa, yaya zai yi shiru? Zai bayar, amma kunya ce ta karɓa. Imam Ghazali (ya rasu 505 bayan Hijira) ya yi bayani a Ihya'u cewa abin da aka karɓa ta hanyar kunyatarwa ɗan uwan abin da aka ƙwace ne. Ga kuma saƙon neman taimako, da zarar ya fita ba ya da linzami. Ana iya tura shi gaba bayan an sauya lambar asusun, mutane su zuba wa ɓarawo da sunana.

Washegari na kira yaron, na yi masa godiya, na gindaya sharuɗɗa. A bari sai kaka. Wayar ta zama waƙafin makaranta, ta zauna a hannun ma'aji, ko na bar aikin tana nan. Ba a rubuta sunan kowa a zaure ba, kuma mai tiyar dawa a karɓa masa kamar mai kuɗi.

Kafin kakar ta zo, na sayi babban littafin rajista, na kwashe sati biyu bayan Isha'i ina kwafe sunayen yaran da hannu.