Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma: Abin Da Girkin Sallah Ya Koya Mini

 

'Yan'uwana mata, musamman waɗanda nauyin tukunyar Sallah ke wuyansu, na daɗe ina son in yi wannan rubutu, amma duk lokacin da na zauna sai zuciyata ta karye, domin darasin da ke cikinsa ban same shi da araha ba.

Mu mutanen Bugaje, kamar sauran jama'ar ƙasar Jibiya, da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Nijar. Daga kan iyakar Magama mutum zai faɗa Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi, saboda haka baƙin Sallarmu rabinsu daga can suke zuwa. A Babbar Sallar shekarar 2019, wadda ta faɗo ranar Lahadi 11 ga Agusta, babbar baƙuwata ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda ta goye ni ina ƙarama kafin zama ya mayar da ita Maraɗi. Shi ne zuwanta na farko ɗakina, sai na ƙudurta cewa sai ta koma da labari. Na tsara waina da miyar taushe, da tuwon shinkafa, da sinasir, da funkaso, da dafa-duka, ga kuma farfesun kayan ciki yana jiran a yanka rago.

Azumin Arafa a bakin turmi na yi shi. Ranar Sallah kuwa damina ce, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafi, ƙullin waina ya zarce da tsami, funkaso ya sha mai. Ina jin kabbarorin masu tafiya Idi ta bayan katanga, ni kuwa ina fifita wuta da hawaye a idona. Sau biyu Goggo tana dogara sanda har bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, taho ki zauna mana. Ni ke na zo gani, ba tuwo ba."

"To Goggo, yanzun nan, bari in sauke wannan."

Ban sauke ba sai bayan La'asar. Duk abin da na jera mata, waina biyu ta ci, ta nemi a dama mata fura. Washegari aka shiga suyar nama, kwana na uku ta yi sallama. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Matasa suna bin hanyoyin daji a kan babur, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ina za ta iya? A 2021 Allah Ya karɓi abarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku ta yi a gidana, amma idan na haɗa zaman da muka yi ni da ita, bai cika sa'a guda ba.

Abin kunyar shi ne, ni ce mai koyar da ɗalibai ladubban baƙunci a Islamiyya. Na san abin da Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) na hani ga takallufi, wato mutum ya ɗora wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Na sha ba su labarin Salmanul Farisi (RA), wanda ya kawo wa baƙinsa gurasa da gishiri, ɗayansu ya yi kwaɗayin wani ganyen ƙamshi, har Salman ya jinginar da butar alwalarsa ya sayo. Da baƙon ya ƙoshi yana gode wa Allah da Ya ba shi wadatar zuci, sai Salman ya tuna masa cewa da ya wadatu, da butarsa ba ta tafi jingina ba. Haka nan a Suratuz Zariyat mun ga yadda Annabi Ibrahim (AS) ya karɓi baƙinsa: abinci iri ɗaya ne, mai kyau, daga abin da ke gida, ya kawo da gaggawa, ya matsar musu da kansa, ya tsaya tare da su. Duk na san wannan, amma tsoron kada a ce amaryar gidan wane ba ta iya ba ya rufe mini ido. Da na binciki zuciyata sai na tarar ba Goggo nake girka wa ba, bakin mutane nake girka wa.

Tun daga lokacin na canza tsari, kuma ga shi nan ko wata za ta amfana.

Da farko nakan zauna da maigida tun watan Zulhajji bai kama ba, mu ƙidaya baƙi, mu duba abin da ke hannu, daidai ruwa daidai tsaki. Abinci iri ɗaya nake zaɓa: tuwon shinkafa da miyar taushe. Tsoho yana iya ci, yaro yana so, kuma idan aka mulmula shi aka sa a kula yana kai yamma da ɗuminsa. Tiya biyu ta shinkafar tuwo tana isar mu har a fitar da na maƙwabta. Kayan da ba sa lalacewa, irin su daddawa, citta, kanumfari, gyaɗa, mai da gawayi, ana sayo mini su a kasuwar Jibiya ranar Lahadin da ta gabaci Sallah da mako guda, kafin cunkoso da tsada. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ranar 7 da 8 ga wata nake yin aiki mai nauyi. A kai markaɗen tattasai da tumatir da attaruhu da albasa tun layin inji bai yi tsawo ba, in tafasa shi ya tsotse, in soya da mai sosai. Haka yana kwana biyu ba tare da firji ba, matuƙar ana ɗumama shi safe da yamma. A soya gyaɗa a daka, a tsince shinkafa. Ranar Arafa kuwa na bar wa azumi da addu'a, sai bayan buɗa-baki in dafa zoɓo in feraye kabewa. Kunun aya na daina yi, domin yanzu Sallah ta dawo lokacin zafi, ta 2025 ma ranar 6 ga Yuni aka yi ta, kuma shi ba ya jure zafi ko na yini ɗaya.

Da na idar da Asuba sai in ɗora tuwo a murhu ɗaya, miya a ɗayan, alayyafo da yakuwa su shiga a ƙarshe. Tun da mustahabbi ne a wannan Sallar a jinkirta cin abinci sai an dawo daga Idi, babu mai takura mini da kalaci. Kafin hantsi na gama, na yi wanka, na bi sahun masu kabbara. Idan an yi yanka, samari su wanke kayan ciki, a fara gasa hanta, sauran ya zama farfesu. Suya sai washegari, kuma ba ni kaɗai ba: ƙannen maigida da ɗalibaina manya duk wadda ta ce in kawo ta kama, ba na cewa a'a. A da ina ɗaukar neman taimako gazawa ne, yanzu na gane girman kai ne ke hana shi.

Babu baƙon da ya taɓa tambayata ina funkaso. Abin da nake ji shi ne, "Malama, bana mun sha hira." Kada a fahimce ni da cewa ina kira ga rowa, wadda Allah Ya hore wa dukiya da mataimaka, ta yi iri goma, Allah Ya ƙara buɗi. Abin da nake cewa shi ne, idan tukunya za ta raba ki da sallarki, ko ta sa ki ci bashi, ko ta hana ki zama da wanda ya keto ƙasa domin ya gan ki, to rage tukunyar. Ba ki san wanda wannan ce Sallarsa ta ƙarshe a ɗakinki ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Goggo a addu'a. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya karɓi ibadunmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.