Wa Ya Koya Masa Ƙira?

Wannan makon zancen wani wasa na kawo, amma ku ɗan bi ni, a kan alƙalaminmu zan sauka.

Wasan a zagaye da tebur ake yin sa. Kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, mutum ɗaya kuma ya riƙe ragamar labarin. Idan jarumi zai yi abu mai wuya, sai a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga ko ya dace. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ni nake riƙe ragama a rukuninmu na mutum biyar, kuma babu abin da ke jawo mana gardama kamar koyo. Ta yaya jarumi zai iya abin da bai iya ba jiya?

Littafin dokokin wasan na 2014 ya ce koyon sabon harshe ko aiki da kayan wata sana'a yana cin kwana 250, kowace rana tsabar zinari ɗaya. A 2017 wani littafin nasu ya mayar da shi mako goma, zinari 25 duk mako, mai kaifin ƙwaƙwalwa kuma a rage masa. Duka biyun lissafi ne kawai. Ɗan wasa ya ce "na biya", a tsallake wata takwas cikin numfashi ɗaya, ya rubuta a takardarsa cewa ya zama maƙeri.

Tsarin wani wasan, Call of Cthulhu, da ya fara fitowa a 1981, ya fi kwanta mini. Sai ka yi aiki da gwanintarka ka dace kafin a sa mata alama. A ƙarshen labari ka jefa lamba daga 1 zuwa 100, kuma sai ta haura abin da kake da shi za ka ƙaru. Mai 20 zai ƙaru sau takwas cikin goma, mai 90 sau ɗaya. Duk wanda ya daɗe yana rubutu ya san wannan tsani, ƙasansa gudu, samansa rarrafe.

To, mu sai muka yi tamu dokar ta gida. Ba a rubuta sabuwar gwaninta a takarda sai an san malamin da ya koyar da ita, an kuma ga jarumin ya gwada ya kasa a gaban kowa. Wata rana ɗaya daga cikinmu ya so ɓarawonsa ya koyi ƙira. Na haɗa shi da wani tsohon maƙeri mai faɗa, wanda ya ce wata uku zai yi yana zuga kafin ya taɓa guduma. Cikin watannin nan abokan tafiyarsa suka je wani gari ba shi, aka raba ganima ba shi. Wuƙar farko da ya ƙera ta karye a hannun abokinsa ana tsakiyar faɗa. Har yau ana yi masa tsiya a kanta, tsohon nan kuma ya zama wanda kowa ke tambayar lafiyarsa.

Akwai mai ƙorafin cewa dokar tana jan wasa, kuma yana da gaskiyarsa. Shi ya sa ƙananan abubuwa irin su iyo ko hawan doki ba ma tsayawa a kansu.

Yanzu ga inda nake son zuwa. Sau nawa muke karanta labari a ce "bayan shekara bakwai", sai ga jaruma ta sauko daga jirgi ta zama likita? Wannan shi ne "na biya" na marubuci. Mai karatu zai yarda, amma ranar da ta ceci ran mijin da ya wulaƙanta ta, ba zai ji komai a ƙirjinsa ba, don bai ga abin da likitancin ya ci mata ba. Ba na cewa a rubuta shekara bakwai ɗin duka. Shafi biyu sun isa: malamar da ta taɓa kora ta daga aji, ranar da ta nemi jijiyar wani yaro sau huɗu ba ta samu ba uwarsa na tsaye tana kallo, da bikin ƙanwarta da ta kalla ta waya saboda washegari tana da jarrabawa.