Ɗigon Da Ke Yawo A Wayata



Duk wanda ya saba da littattafaina ya san ba na rowar mota. Kafin a kai shafi na arba'in Alhaji ya danƙa wa yarinya makullin sabuwa dal a leda, idan ta yi fushi a ƙara mata wata. To yau bari in faɗa muku gaskiya. Ni mai rabon motocin nan, abin hawan da na mallaka a duniya ɗaya ne tak, ƙafarsa uku, launinsa ruwan ɗorawa. A Daidaita Sahu ne na hannu, na saye shi a 2022 da kuɗin adashe da ɗan abin da na samu wurin masu karanta tsofaffin littattafaina a YouTube. Kun dai san yadda kasuwar littafi ta koma. Wannan keken shi ne cefanen gidana, shi ne kuɗin makarantar 'ya'yana uku.

Ɗan yayata na ba wa yake ja, kullum da daddare ya kawo mini balas. Yaro ne mai kunya, a hannuna ya yi rarrafe. Amma tun ranar da aka ɗauke keken wani maƙwabcinmu a ƙofar masallaci barci ya ƙaurace mini. Mutumin nan har yau bashin keken yake biya, keken kuwa ko ƙurarsa.

Dabarar farko ta talaka na yi. Ina da tsohuwar waya Android da gilashinta ya tsage, na sa mata layi da data, na kunna manhajar Google ta neman wayar da ta ɓace, wadda a lokacin ake kira Find My Device, na naɗe ta a tsumma na cusa ƙarƙashin kujerar baya. Ta yi aiki kuwa, daga ɗakina ina ganin keken a taswira. Sai dai caji ba ya wuce kwana biyu, kuma na manta injin keke a ƙarƙashin kujerar nan yake. Ga zafin inji ga zafin bazarar Kano, cikin sati uku batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin wayar. Allah ne ya tsare, da wuta ta tashi a ƙarƙashin fasinja da ban san bakin da zan yi magana da shi ba. Mai mota zai iya wannan dabarar idan ya samu wuri mai sanyi ya ja mata wayar caji, amma mai keke ban ba shi shawara ba.

Babbar 'yata ta ce a sayi AirTag, ɗan abin nan kamar maɓalli da kamfanin Apple ya fitar a 2021. Da na bincika sai na gane shi ba GPS ba ne, jira yake wani mai iPhone ya gifta kusa da shi sannan labarinsa ya iso. A Nasarawa GRA wataƙila, amma ɓarawo ba can zai kai keke ba. Kuma an yi shi ne yadda zai tona kansa ga wanda yake tafe da shi ba da saninsa ba.

Daga ƙarshe na tafi Farm Centre, kasuwar waya. Wani matashi ya ɗauko mini 'yar baƙar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba, tiraka suke ce mata. Ya ce, “Hajiya, abu biyu ne a cikinta, kunne da baki.” Na ce yi mini gwari-gwari. Bayaninsa, da abin da na ƙara karantawa daga baya, shi ne: akwai taurarin ɗan'adam na Amurka sama da 24 da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,000, kowanne na aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Na'urar sauraro kawai take yi, idan ta ji huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take. Wannan kunnen kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Bakin shi ne layin wayar da ke cikinta, shi ke kawo miki labari ta tes ko ta manhaja. Idan babu sabis, ko layin ya mutu, na'urar ta san inda take amma ta zama bebiya. Shi ya sa lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, irin wannan na'ura ba ta da bakin faɗa wa kowa komai a can.

Kuɗinta da na mai haɗa wayoyin bai kai balas ɗin sati biyu ba. Aka jona ta da batirin keke, aka ɓoye ta inda ba zan faɗa a nan ba, aka ƙara wani ɗan makunni da ke kashe inji daga nesa. Matashin ya sa na canza lambar sirrin da ta zo da ita, don yawancinsu da 123456 ko 0000 suke fitowa, kuma duk wanda ya san lambar layin zai iya yi musu umarni.

Duk wannan na yi shi ranar da yaron ya tafi ɗaurin aure Gaya. Ban gaya masa ba.

Jama'a, ɗigon nan ya zama mini jaraba. Rubutu ya tsaya. Ina tuƙa tuwo ina kallonsa, ya bi titin Zoo, ya tsaya a Ƙofar Nasarawa, ya miƙe Kurna. Idan ya tsaya minti talatin sai zuciyata ta fara tsara labari, kun san sana'armu. Na aurar da yaron nan a raina ya fi sau uku, na sa shi shaye-shaye, na sa shi haɗa baki da ɓarayi. Wata rana ya ce mini kasuwa ba ta yi ba, balas ɗin bai cika ba, sai bakina ya kuɓuce na ce, “Ina za ta yi, kana Rijiyar Zaki tun azahar har la'asar?”

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Anti, wa ya gaya miki?” Na yi shiru. Ya ce, “Taya ce ta fashe, mai faci ba shi da wuta, sai da na jira ya samo fetur ɗin janareta. Ashe bibiyata ake yi.” Ya ajiye makullin a kan tabarma a hankali, ya yi mini sai da safe.

Kwana huɗu keken na tsaye a soro. Ranar ta biyar yayata ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, “Ke da kike rubuta wa mutane zaman duniya, ɗanki kika ɗana wa tarko?” Na ce Yaya ɓarawo na ɗana wa. Ta ce, “To me ya hana ki gaya masa?” Ban da amsa. Na aika aka kira shi, na ba shi haƙuri a gaban uwarsa, abin da ban taɓa zaton zan yi wa yaron da na goya ba. Na nuna masa inda na'urar take, na sa masa manhajar a wayarsa, na ba shi lambar sirrin. Ni kuma na yi alkawarin ba zan ƙara buɗewa ba sai da dalili. Na fi wata biyu ina karya alkawarin nan a ɓoye kafin hannuna ya saba.

Da na daina kallo sai na manta da layin gaba ɗaya, ban ƙara sa masa kati ba. Kamfanonin waya kuwa suna rufe layin da ya daɗe ba a amfani da shi.

Wata Juma'a a 2024 ya kira ni muryarsa na rawa. Ya fito daga masallaci babu keke. Ƙafafuna suka mutu, don a take na tuna rabona da layin nan ya fi shekara. Na ce shi ke nan, mun shiga uku. Ya ce, “Anti, ina ganinsa, ya bi hanyar Dawanau. Ni nake sa masa kati duk wata.”

Ya so ya hau babur ɗin abokinsa ya bi su shi kaɗai, na haɗa shi da Allah ya fara zuwa wurin 'yan sanda, keke ba ya kai ran mutum. Bai kashe injin ba sai da ya ga ɗigon ya tsaya, don kashe abin hawa yana gudu a kan titi na iya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. Can sai ɗigon ya daskare wuri ɗaya, ashe sun tura shi ƙarƙashin rufin kwano, inda saƙon taurarin ba ya ratsawa sosai. Wurin ƙarshe da ya nuna suka bi, suka duba gida uku, a na huɗu, wani kango, suka same shi. An cire lamba, an fara kankare lambar jikinsa, mutanen sun tsere.

Bayan isha'i ya shigo da shi soro, duk jikinsa ƙura. Na zuba masa tuwo, ya ci yana ba ƙannensa labari. Da zai tafi ya zaro kuɗi ya ce balas ɗin rabin yini ne, in yi haƙuri. Na ce ya mayar aljihu. Na tambaye shi nawa ya kashe a kati tun bara, ya ce bai ƙirga ba.